Kwana Biyar Saboda Ƙafar Baba

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Duk wadda na ci karo da ita a ofis sai ta ce, "Malama Dije, ya Nijar? Ina cukunmu?" Ban kawo cuku ba, ban kawo kilishi ba, don ba yawon shan iska na je ba. Ga labarin nan na rubuta sau ɗaya, ku karanta, kada wata ta sake tare ni a bakin aji.

Da yawanku ba ku sani ba, mahaifina mutumin can ne. Ya yi shekara arba'in yana sayar da hatsi a Katsina, a nan aka haife mu duka. Da mahaifiyarmu ta rasu sai ya tattara komatsansa ya koma ƙauyensu, can bayan Gidan Amumune a ƙasar Mayahi. Shekara huɗu ke nan, kuma ƙafata ba ta taɓa taka garin ba. Ran nan sai Rabi, 'yar ƙanensa wadda ke kula da shi, ta kira ni daga kasuwa.

"Yaya, ƙahwar Baba ta hwara wari," in ji ta. "Wata bakwai ke nan da ciwon suga ya huda ta. Mun yi mun yi, ya ce ko gawa tai ba ta zuwa likita."

Likita a bakinsu shi ne asibiti. Na ɗauki izinin mako ɗaya na kama hanya, da niyyar in ɗauko shi ko da ƙarfi ne kafin a kai ga yanke ƙafar.

A Dankama aka sauke mu aka duba takardu. Wani jami'i ya yi mini tambaya da Faransanci, na ce masa ban ji ba, sai ya maimaita da Hausar da ta fi tawa daɗi. Daga nan muka shiga wata tsohuwar mota ta mutum tara, aka cusa mu sha huɗu, da buhun barkono a gefen kunnena. Bazara ce, rana kamar a kan mutum aka dafa ta. Ina atishawa ina zufa, ina tunanin ƙafar nan.

Mun yi nisa kaɗan sai direba ya saki hanya haka kawai, ya faɗa cikin gonaki. Na ce ko hanyar ta karye ne? Ba mu yi minti goma ba tayoyin baya suka nutse a rairayi. Maza suka sauka turi, mu mata muka tsaya a rana ba ko inuwar kara. Matar da ke kusa da ni, wata Hajiya Tsahara mai sayar da man gyaɗa a Tasawa, ita ta bayyana mini. An taɓa tsare direban wuni guda a wani shingen jami'ai da ke gaba, wanda suke kira bariya, saboda takardun motarsa sun ƙare, tun daga ranar yake kewaye wurin.

"Kuma bariyar nan an ɗauke ta tun bara waccan," in ji ta. "Kowa ya gaya mishi."

Na tafi wurinsa yana kwance yana tonon rairayi da hannu. Na ce, "Malam, da gaske ne babu kowa a wurin da kake gudu?"

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Hajiya, ni dai tun da nika biyowa ta nan, ba wanda yat tsaida ni."

Wallahi na so in ɗauki buhun barkonon nan in juye masa a ka. Kun san abin da nake koyarwa, ilimin halayyar ɗan Adam, kuma abin nan nasa darasi ne da nake yi wa ɗalibai duk shekara. A sa ɓera a akwati, a kaɗa ƙararrawa, sannan a ɗan ja shi da lantarki. Ba jimawa zai koyi tsallakewa ɗaya gefen da zarar ya ji ƙararrawa. To, ko an kashe lantarkin gaba ɗaya ba zai daina tsallakewa ba, don bai taɓa tsayawa ya ga an kashe ba. Duk tsallen da ya yi bai ji zafi ba, sai ya ƙara yarda tsallen ne ya cece shi. A allo abin dariya ne, ɗalibai har tafi suke yi. A tsakiyar gonar mutane da rana tsaka bai ba ni dariya ba, don awa uku ya cinye mana.

Sai bayan magariba muka shiga Tasawa, motocin Mayahi duk sun tashi. Hajiya Tsahara ba ta tambaye ni ba ma, ta ɗauki jakata ta ce in biyo ta. Ta ba ni tuwon gero da miyar yakuwa, tuwo mai nauyi irin wanda in ka ci sai ka nemi bango. Da safe aka kawo wani dogon burodi mai tauri an tsaga cikinsa an zuba ƙosai. Mu da muka saba da burodi mai laushi kamar katifa, sai da dasashina ya yi ciwo, amma na cinye. Abin da ya ƙure ni shayi ne. Na sha ɗan kofin farko, ɗaci kamar maɗaci, na miƙe zan tafi tasha. Mijinta ya ce ba a tashi a na farko, akwai na biyu da na uku. Na zauna ina kallon buta tana tafasa a gawayi, ina murmushin dole. Mutanen kirki ne, Allah ya saka musu, amma ba su san ana sauri ba a duniya.

Daga Tasawa mota ta kai ni Mayahi, daga nan na hau abin da muke kira acaɓa, su kuma kabu-kabu, har Gidan Amumune. A can Illo mijin Rabi yake jirana da amalanken jaki. Gaisuwa kaɗai ta ci mana kusan minti sha biyar. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, ya tambayi mutanen Katsina ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su. Duk lokacin da na ce ya ƙafar Baba, sai ya ce, "Da sauƙi." Na riga na san irin wannan sauƙin.

Na sami Baba a rumfar ƙofar ɗakinsa, ya rame, ƙafar dama a naɗe da tsumma, ƙuda na bin ta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata," ya ce, "ashe kina tahe?"

Na durƙusa na gaishe shi, ban bari gaisuwar ta yi tsawo ba na kama tsumman na kwance. Ba zan kwatanta muku ba, kuna iya kasa cin abinci. Rami ne a tafin ƙafa an cika shi da wani baƙin gari, yatsu biyu sun sauya launi. Na ce, "Baba, gobe da safe za mu Mayahi."

Ya ce ba ya zuwa. Na ce zai je. Ya ɗaga murya ya ce shi ya haife ni ba ni na haife shi ba, in don wannan na zo in koma inda na fito. To ku ji abin da ya biyo baya, don shi ya fi ba ni haushi. Kafin ya rufe baki Rabi ta ruga ta damo fura da nono mai sanyi. Illo ya ɗauko zancen farashin awaki. Wata tsohuwa maƙwabciya ta zauna tana yi masa fifita tana cewa, "Yi haƙuri Alhaji, ba mai kai ka inda ba ka so." Ya sha furarsa, fuskarsa ta saki, maganar likita ta mutu.

Na ja Rabi bayan ɗaki na ce haka kuke yi kullum? Ta ce duk ranar kasuwa sukan ɗaura wa jaki amalanke su roƙe shi, ya yi faɗa, su kwance, a ba shi haƙuri. Wata rana har zabo Illo ya yanka masa don ya huce.

Na ce, "Wato wata bakwai kuna biyan shi lada don ya ƙi zuwa! Ya yi tsawa a kawo fura, ya yi tsawa a yanka zabo. Ko ni ce ai sai in ta yin tsawa. Shi ya koyi in ya yi faɗa kun ƙyale shi, ku kun koyi in kun ƙyale shi faɗa ya ƙare. Kowa ya samu sauƙi sai ƙafar!"

Rabi ta sunkuyar da kai. Daga baya ta gaya mini asalin abin. Farkon ciwon ya yarda an kai shi wani ɗakin shan magani, ba zan faɗi garin ba. Wanda ya wanke ciwon ya fizge tsumman da ƙarfi, ya yi masa faɗa da Faransanci a gaban mata masu awon ciki, ya ce tsoho da shi bai san wanka ba. Matan suka yi dariya. Baba ya ɗauki hularsa ya fito, bai sake komawa ba. An ma sauya wa mutumin wurin aiki tuni, amma Baba bai je ya gani ba.

Baƙin garin kuwa wani mai magani ne ke kawo shi ranar kasuwa. Na ce ya taɓa yin aiki? Illo ya ce, "Wani bi shina yi. Sai ka ga ciwon ya bushe kwana biyu, sai shi dawo. Sai a yi sati ukku ba komi, sai kuma ka ga ya bushe." Na ce da bai taɓa bushewa ba ai da tuni kun zubar. Wannan ma yana cikin darasina. Tattabarar da ake ba tsaba duk lokacin da ta caki maɓalli, ran da aka daina ba ta, nan da nan take haƙura. Wadda ake ba jefi-jefi, ba ta san wane caki ne zai kawo tsaba ba, ita ce ke ta caka har bakinta ya yi ciwo. Na ɗauki ƙullin garin na zuba a masai, na ce wanda ya sake sayo shi ni da shi ne.

Kwana na biyu haka na wuni ina faɗa. Na yi wa Rabi, na yi wa maƙwabciya, har liman da ya zo gaishe ni sai da na tambaye shi me ya hana shi sa baki. Illo ne kaɗai ya faɗi abin da na saurara. Ya ce jakinsa ya taɓa zamewa a bakin wata rijiya, daga nan ko an kashe shi ba ya bi ta wurin. Duka bai yi ba. Sai ya riƙa tsayar da shi nesa da rijiyar yana ba shi dusa, gobe ya matsa kaɗan, jibi ya ƙara, har ya zo yana cin dusa a bakin rijiyar. Na ce to kai da ka san wannan, me ya hana ka yi wa Baba? Ya zaro ido ya ce, "Subhanallahi, Yaya, surukina ne hwa, ba jaki ba." Na yi tsaki na shige ɗaki.

Rana ta uku bayan la'asar na ce ina so in kira maigidana, wayata ba ta kama komai tun da na zo. Rabi ta ce rezo sai a kan tudu, wato inda waya ke kamawa. Ta yafa gyale ta ce in zo ta raka ni. Muka fita bayan gari muka kama rairayi. Da takalmi a ƙafata amma sai da na riƙa ɗaga ƙafa kamar mai taka garwashi. Mun fi minti ashirin muna hawa. Ina haki ina masifa, ina cewa wane irin gari ne wannan da sai mutum ya yi aikin hajji kafin ya ce salamu alaikum a waya.

A saman tudun akwai aduwa guda ɗaya. A gindinta an ajiye wani guntun turmi a kife, ya yi sumul don zama, gefensa rairayin duk ramukan sanda ne. Na zauna a kai ina neman lamba.

"Nan Baba ka zama," in ji Rabi.

Na ce wane Baba?

"Baba dai. Kullum in an yi la'asar. Jiya da yau ne kaɗai bai hau ba, don kina nan."

Na ce da wannan ƙafar? A wannan rairayin? Kuma kuna kallo? Na buɗe baki zan ci gaba, sai na ga Rabi ta cire gyalenta ta ɗaure a ƙugu. Yarinyar da kwana biyu ina zazzaga mata ba ta ɗago ido ba.

"Yaya, ya isa haka nan," ta ce. "Tun da kinka zo kike zagin mu. Mun ji, mu jahilai ne, ba mu yi lakwal ba, ba mu san boko ba. Amma wa yaka kira in ya hau nan? Ni yaka kira? Ke ce. Ƙahwar ba ta jin zahi, ba shi sanin rairai ya shiga sai na kwance da dare in ga tsumma cike da ƙasa. Na ɓoye sanda tai, ya tahi da kara. In ya dawo in ce an samu? Shi ce a'a, wataƙila tana aji, gobe a dace. Ran da kinka ɗauka kuwa, har waƙa shika yi bisa hanya."

Na riƙe wayar ban iya danna komai ba. Gaskiya ne, kuma ga shi zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa ba. Wajen ƙarfe biyar wayata takan yi ƙara, in ga lambar Nijar. Na san abin da zai ce: "Uwata, yaushe za ki zo?" Ni kuma ina jin haushinsa tun da ya bar mu ya tafi ana gama arba'in ɗin Inna, kuma ba ni da amsar da zan ba shi. Sai in danna gefen wayar ta yi shiru, in ji ƙirjina ya saki. Wasunku kun sha ganin na yi haka a ofis. In abin ya dame ni sai in ɗauka, wani lokaci bayan kwana goma, wani lokaci kwana biyu a jere, ba tsari. Ya ce lafiya lau, in ce lafiya lau, minti biyu mu ajiye. Ban taɓa tambayarsa a ina yake tsaye ba.

Ban kira maigidan ba. Muka sauko. Na sami Baba yana jan carbi, na zauna a ƙasa kusa da tabarmarsa, na ce, "Baba, me ya sa ba ka gaya mini sai ka hau tudu ba?"

Ya dubi Rabi, ya gane. Ya ce, "In na gaya miki sai ki ce in daina."

Na ce to da ka ga ba na ɗauka, me ya sa ba ka haƙura ba?

"Ai kina ɗauka, Uwata," ya ce. "Da ba ki taɓa ɗauka ba, da na haƙura tun tuni, in ce ɗiya ta yi hushi. Da kin sa mani rana, da na zamna sai ranar. To ban san ranar ba. In na zamna gida sai in ce wataƙila yau ce."

Na yi kuka, ba na ɓoye muku. Haushin da na taho da shi tun daga Katsina bai tafi ba, ya dai rasa wanda zai hau sai ni. Da na natsu na ce masa na sa rana, duk Juma'a bayan an sauko masallaci, kuma a amalanke Illo zai kai shi tudun, ni zan kira. Na ce amma ina roƙon abu ɗaya. Gobe mu je Mayahi, ba sai ya shiga ba, mu zauna a inuwa a waje ya ga masu shiga da fita. In ya ce mu koma, mu koma, kuma ba fura ba zabo. Ya daɗe yana jan carbinsa, sannan ya ce wa Illo ya ba jaki ruwa da wuri.

Mun isa Mayahi da hantsi. Mun fi awa a gindin wata dalbejiya a ƙofar likita. Sau biyu ya ce a juya, sau biyu na ce to, bari dai wani tsoho da muka ga ya shiga ya fito mu ga fuskarsa. Tsohon ya fito yana dariya da wani ma'aikaci. Can Baba ya gyara hularsa ya ce, "Ku kama ni."

Babban ma'aikacin wurin, wanda suke kira majo, ya gaishe shi da Alhaji, ya jiƙa tsumman da ruwa kafin ya ɗaga a hankali. Baba yana ta kallon ƙofa, amma bai tashi ba. Majo ya daɗe yana dubawa. Ya ce yatsu biyun nan sun riga sun tafi, sai an cire su a Maraɗi, zai rubuta mana takarda yau. Sauran ƙafar ana sa rai, in an yi sauri. Ya ce maganin kasuwa ya yi ɓarna, amma ba shi ne babba ba. Ya ɗauko wani ƙarfe ya ciro abu daga can cikin ramin ya nuna mana a kan auduga. Rairayi ne.

"Ciwon ga ba shi warkewa in ana taka shi," in ji majo. "Wannan tahiya ce ta kullum, ba ta kwana ɗaya ba. Wa ke sa tsohon ga yawo cikin rairai da ƙahwa haka?"

Illo ya dubi ƙasa. Rabi ta dubi bango. Baba ya yi sauri ya ce shi ne da taurin kansa, ba wanda ya aike shi.

Na ce, "A'a, majo. Ni ce."